Magariya ko Dungas: inda matashi zai zauna ba sai da mota ba

Matasan da ke dawowa daga Aljeriya, Libiya ko Legas sukan tsaya kan tambaya guda: ina za su zauna kuɗin da suka tara bai ƙare a haya da man fetur ba?

A kudancin jihar Damagaram, Magariya na cikin amsoshin. Garin na da nisan kusan kilomita 90 daga birnin Zinder, dab da iyakar Najeriya. Kasuwa, asibiti da tasha duk ana isa da ƙafa ko kabu-kabu, haya kuma ba ta kai ta Yamai ba.

Dungas, wadda aka cire daga Magariya ta zama gunduma a 2011, ta fi kusa da kasuwar Maigatari mai ci ranar Alhamis.

Yankin ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, fadamun Korama na ba da rake da kayan lambu. Sai dai zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, aikin albashi kuma kaɗan ne. Mai shirin tarewa sai ya zo da sana'arsa a hannu.