Yadda masu zane a kwamfuta ke cusa abu a cikin wani abu, da tsadar kuskure a wannan aiki

Kayayyaki da dama da ake saye da sayarwa a kasuwa abubuwa biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya. Sukudireba sandar ƙarfe ce da aka binne gindinta a mariƙin roba, haka ma ƙafafun filogin lantarki, haka ma rodi da bututu a cikin kankare. Kafin a ƙera irin waɗannan kaya a yau, injiniyoyi kan fara gina siffarsu a manhajojin zane da ake kira CAD, irin su AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk ya fitar a 1982, da SolidWorks, wadda ta fito a 1995.

A zahiri, abubuwa biyu ba sa zama a gurbi guda a lokaci guda. Kwamfuta kuwa ba ruwanta da wannan doka. Mai zane zai iya tura siffar ƙarfe cikin siffar roba, manhajar ta karɓa ba tare da gargaɗi ba, domin kowace siffa a wurinta lissafi ce mai zaman kanta. A allo komai zai yi kyau, alhali wurin da suka haɗu an ƙirga shi sau biyu: a matsayin ƙarfe, kuma a matsayin roba.

Maganin matsalar ya samo asali ne daga aikin George Boole, masanin lissafi ɗan Ingila wanda ya rasu a 1864. Daga dabarunsa aka samo matakai uku da manhajojin ke amfani da su: haɗewa, wadda ke mayar da siffofi biyu ɗaya, ɗebewa, wadda ke cire siffa daga jikin wata, da tsame wurin haɗuwa, wadda ke barin iyakar ɓangaren da su biyun suka yi tarayya a kai.

Idan kayan biyu ba iri ɗaya ba ne, haɗewa kuskure ce, saboda manhajar za ta ɗauki dukkan abin a matsayin roba zalla ko ƙarfe zalla. Abin da ya dace shi ne ɗebewa, wato a yi amfani da siffar ƙarfen a ƙwaƙule masa gurbi daidai da shi a cikin robar. Sai dai akwai tarko: a manhajoji da yawa, siffar da aka yi yankan da ita takan ɓace bayan an gama. Saboda haka ƙwararru kan kwafe ta tukuna, ko su zaɓi umarnin da ke barin ta a wurinta. Daga nan sai a samu siffofi biyu da ke taɓa juna ba tare da sun shiga juna ba, kowace da nata nauyi.

Ana iya ganin girman lamarin a ginshiƙin kankare mai faɗin santimita 30 kowane ɓangare da tsawon mita 3, wanda cikinsa kubik mita 0.27 ne. Idan bututu mai faɗin santimita 10 ya ratsa shi daga sama har ƙasa, zai cinye kusan kubik mita 0.024, wato kusan kashi 9 cikin 100. Tunda kubik mita ɗaya na kankare ya kai kimanin kilo 2,400, rashin ɗebe gurbin bututun zai ƙara wa lissafin kusan kilo 57 na kankaren da babu shi. A ginshiƙai 40, kuskuren ya doshi kubik mita guda.

Akwai kuma bambanci tsakanin abin da aka zuba wa narkakkiyar roba ko kankare ya daskare a kansa, da abin da za a zura daga baya. Na farko ba ya bukatar rata. Na biyu dole a bar masa sarari: ƙusar noti mai kaurin milimita 10, alal misali, akan huda mata rami na milimita 11. Wanda ya yanke gurbi daidai wa daida a nan, ya zana abin da ba zai haɗu cikin sauƙi a masana'anta ba.

Manhajojin suna da hanyar binciko wuraren da siffofi suka shiga juna. A AutoCAD sunan umarnin INTERFERE. Ana kuma iya tsaga zanen gida biyu a allo domin a ga cikinsa. Ma'aikacin da zai sa hannu a takardar kwangila, da ɗan kasuwar da zai biya kuɗin mazubin ƙera kaya, suna da ikon neman a nuna musu sakamakon wannan bincike da hoton tsagin. Gyara a kwamfuta aikin mintuna ne, amma idan an riga an sassaƙa mazubi ko an zuba kankare, sai dai a fasa a sake, kuma mai kaya ne zai biya.