Hukuncin Kisa: Alƙali Ya Yanke, Gwamna Ya Ajiye Alƙalami

A watan Mayun 2024, wani matashi mai suna Shafi'u Abubakar ya kulle masallaci a ƙauyen Gadan da ke ƙaramar hukumar Gezawa ana tsakiyar sallar asuba, ya watsa fetur ya cinna wuta. Mutum fiye da 20 suka rasu, da yawansu danginsa ne. Rikicin gado ne silar abin. Bayan shekara guda wata babbar kotun shari'ar Musulunci a Kano ta ce a rataye shi.

Mu a Rimin Gado labarin ya taɓa mu, domin mun san irin wannan rigima. Gonakinmu a manne suke, kunya ɗaya kan raba 'yan uwa shekara da shekaru. Ranar da rediyo ya kawo hukuncin, wani dattijo a majalisarmu yana gyaran ƙotar fartanya, bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Yaro, yankewa ba wuya. Wa zai sa hannu?"

Ta fuskar doka babu gardama. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin rayuwa, amma ya keɓe wanda kotu ta yanke wa kisa, kuma tun 1998 Kotun Ƙoli ta tabbatar da halaccin hukuncin a shari'ar Onuoha Kalu. Sai dai ba a rataye kowa sai an gama ɗaukaka ƙara, sannan gwamna ya sa hannu. A nan maganar take maƙalewa. Rabon da a zartar da kisa a Najeriya tun Disambar 2016, a jihar Edo, alhali mutum sama da 3,000 na zaune a gidajen yari suna jira. Idan na taso daga gida zuwa Kano na wuce sabon gidan yarin Janguza, su nake tunawa.

Ga Hanifa Abubakar, 'yar shekara biyar, wadda mai makarantarsu Abdulmalik Tanko ya sace a Disambar 2021 ya kashe ta da gubar ɓera. A Yulin 2022 Mai Shari'a Usman Na'abba ya yanke masa rataya. Gwamna Ganduje ya yi alkawarin sa hannu, ya sauka a 2023 ba a zartar ba.

Ni ban yarda da masu cewa ƙisasi dabbanci ba ne. Ghana ta soke hukuncin kisa kan yawancin manyan laifuffuka a 2023, maƙwabciyarmu Nijar kuma ba ta zartar ba tun 1976, kowa da dalilinsa. Amma wanda ya yaudari yarinyar da aka ba shi amana ya kashe ta don kuɗi, malaman Malikiyya sun ce irin wannan kisan gilla ko iyayenta ba su da ikon yafewa. Zuciyata tana tare da su.

Abin da ke hana ni barci shi ne hanyar da ake bi kafin a kai ga igiya. Sani Yakubu Rodi, wanda kotun Musulunci a Katsina ta samu da laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu, an rataye shi a Kaduna ranar 3 ga Janairun 2002, bai samu lauya ba, bai ɗaukaka ƙara ba. Safiya Hussaini ta Sakkwato da Amina Lawal ta Katsina kuwa an yanke musu jifa, suka samu lauyoyi, kotun gaba ta wanke su a 2002 da 2003. Da ba su samu masu tsaya musu ba fa? Ɗan ƙauye da bai iya karanta takardar da aka dangwala masa yatsa a kai ba, wanda ko kuɗin motar zuwa kotu iyalinsa sai sun sayar da akuya, shi ne ya fi kusa da igiya. Shari'ar da ta halatta ƙisasi ita ce ta tsananta a kan shaida, ta ce kuskure wajen afuwa ya fi sauƙi a kan kuskure wajen zubar da jini.

Sannan akwai haƙƙin da muka yi wa riƙon sakainar kashi. A kisan da ba na gilla ba, Musulunci ya sa zaɓi a hannun waliyyan mamaci: ƙisasi, ko diyya, ko yafiya don Allah. Yanzu uwar mamaci a rediyo take jin inda shari'ar ɗanta ta kwana. Ba ta ga ƙisasi ba, ba ta karɓi diyyar da za ta riƙe marayu ba, ba a ma tambaye ta ko ta yafe ba. Shi kuma mai laifin yana kwana yana tashi da fargabar ƙarar makulli.

Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ce wanda ya gama ɗaukaka ƙara ya shekara 10 ba a zartar ba, babban jojin jiha na iya mayar masa da ɗaurin rai da rai. Ina roƙon gwamnatin Kano, kafin a taɓa kowane fayil, a aika a kira iyalan mamatan a ji ta bakinsu.