Goge Fensir Daga Littattafan Gwanjo: A San Tabon Tukuna

Da wuya a sayi littafin gwanjo a tarar ba a taɓa rubutu a cikinsa ba. Ko dai mai shago ya rubuta farashi a shafin farko, ko ɗalibi ya ja layi ƙarƙashin jimloli. Yawancin irin waɗannan rubuce-rubuce suna goguwa, amma sai an san da me aka yi rubutun, domin garaje ya fi tabon ɓata takarda.

Bakin fensir haɗin girafait ne da yumɓu, dabarar da Bafaranshe Nicolas-Jacques Conté ya fito da ita a 1795. Girafait ba ya nutsewa kamar tawada, a saman takarda yake maƙalewa, shi ya sa yake fita. Da tsokar burodi Turawa suke goge shi, kafin Joseph Priestley ya bayyana a 1770 cewa danƙon roba yana wannan aikin.

Masu adana littattafai sun fi yarda da farin kilina mai laushi, irin Staedtler Mars Plastic. Jan kilinan gindin fensir idan ya tsufa taurarewa yake yi, ya bar jan shati. A danne shafin da hannu ɗaya, a riƙa gogawa a hankali daga tsakiya zuwa baki, ban da kai da komowa, kada takardar ta cukuikuye. Sannan a share burbushin da burushi. Kada ruwa ko yawu ya taɓa wurin: akwai tsohon fensirin kwafi mai rini, da ya jiƙe sai ya koma shuɗi mai ja-ja, kuma ya zauna ke nan.

Fensirin maiƙo, wanda shagunan gwanjo na Amurka ke rubuta farashi da shi a bangon littafi, kaki ne da launi. Kilina baza shi kawai yake yi idan aka fara da shi. A kankare kakin tukuna da gefen kati. Idan bangon mai sheƙi ne, a ɗiga man laita a auduga, a gwada a lungu, sannan a goge, nesa da wuta. A takarda mai shan ruwa kuwa kakin ya riga ya shiga, sai a rage abin da ya samu a haƙura.

Kafin a ɗauki kilina, a karanta rubutun. Goge farashi ba asara ba ne, amma sunan mai littafin na farko, shekarar saye, ko sharhin malami a gefen shafi tarihin littafin ne. A bar wa mai karatu na gaba.