Shekara Nawa Kwaltar Hanyar Mubi Za Ta Yi?

Duk ɗan Mubi da ke zaune a Ikko ko Fatakwal, in ya tashi zuwa gida, tambayarsa ta farko a tasha ita ce, "Yaya hanya?" Yana nufin wadda ta tashi daga Yola ta bi ta Song da Gombi da Hong. Ta nan ne tirelolin shanu ke fitowa daga kasuwar Mubi su nufo Kudu, saboda haka lafiyarta ta shafi aljihun kowa.

To, ashe injiniyoyi suna iya ƙiyasta kwanan kwalta tun ba a shimfiɗa ta ba. Akwai gwajin da wani Ba'amurke, Bruce Marshall, ya ƙago wajen 1939. Akan cakuɗa kwalta da tsakuwa, a curo ɗan dunƙule, a tsoma shi cikin ruwa mai zafin digiri 60, sa'an nan a matse shi da inji har ya ba da kai. In kwalta ta yi yawa, titi zai lotsa lokacin bazara. In ta yi kaɗan, sai ya tsattsage. Bayan haka a ƙidaya manyan motocin da za su bi, yawanci a yi lissafin shekara 20.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Daga 1958 zuwa 1960 an yi ta zagaya manyan motoci a kan wani titin gwaji a Jihar Illinois ta Amurka. Aka gano cewa in an ninka nauyin da ke kan jerin ƙafafun mota sau biyu, ɓarnar takan ninku kamar sau 16. Ke nan in kowace babbar mota ta ɗauko ninkin abin da aka yi lissafi da shi, titin shekara 20 ba zai kai shekara biyu ba. Mu kuwa mun san yadda ake lodin siminti da hatsi a garejinmu, ba sai an faɗa ba.

Sai kuma ruwa. Mubi tana gindin duwatsun Mandara, da damina ruwa yakan gangaro da ƙarfi. Da zarar kwalbati ta toshe, ruwa ya kwanta, sai ya shiga ta tsaga ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashi. Tirela ɗaya ta taka, rami ya buɗe.

Don haka in ƙungiyoyinmu na 'yan Arewa za su kai kuka wurin hukuma, kada su tsaya ga neman sabuwar kwalta kawai. Su nemi sikelin auna motoci, da masu yashe kwalbatoci kafin ruwan farko ya sauka.