Teyatur a unguwannin Damagaram: wa ke ɗan gari, wa ke baƙo?

Wanda ya san Damagaram ya san tsoffin unguwanninta biyu. Akwai Birni, inda fadar Sarki take. Akwai Zango, masaukin ayari da fatake, inda baƙo kan sauke kaya, in ya daɗe ya gina gida. Nan ne babban birnin ƙasa har shekarar 1926, da Turawan Faransa suka maida shi Yamai.

Farin 1973 da 1974 ya koro mutane daga karkara, na 1984 ya ƙaro wasu. Suka kafa bukkoki a gefen gari, suna ga-ruwa, suna dako, suna tallan itace. Ɗan Birni na kallon su baƙi, su kuwa 'ya'yansu a nan aka haife su. Wannan magana ba ta faɗuwa a fada, ba ta faɗuwa a biro. A dandalin wasa ta sami baki.

Kwaikwayo ba baƙon abu ba ne a garin. Tun da can akwai wasan kara, inda samari ke haɗa kayan ado da karan hatsi, su kwaikwayi sarakuna da manyan gwamnati, manyan kuma na zaune suna dariya. Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, aka farfaɗo da samariya, kowace unguwa da sarkin samarinta. Daga 1976 aka shiga yin bikin matasa na ƙasa, jihohi na gasar waƙa da rawa da teyatur. Ƙungiyar Damagaram, wadda malamin lakwal Yazi Dogo ke cikin jagorancinta, ta yi suna a rediyo da telbijin.

Ga yadda aikin yake. Ba a rubuta wasan. 'Yan wasa kan zauna da dare bayan kowa ya tashi aikinsa, tela da mushe da makaniki da 'yar talla, su tsara labari, su raba wa kowa matsayinsa. Kalmomin kuwa, kowa ya nemo nasa a kan dandali. Shi ya sa Hausar wasan ita ce ta bakin rijiya da ta tasha. Sai ka ga baƙauye ya shigo birni da ƙunshinsa, 'yan gari sun yi masa wayo. Ga Alhaji mai kuɗi yana neman yarinyar da ke son lakwal. Ga ma'aikaci yana surka Faransanci don tsohonsa ya kasa gane shi. Ga ɗan cin rani ya dawo daga Kano da rediyo da baƙin gilashi, aljihu wayam.

Gaskiya ne gwamnati na da nata saƙo a ciki: yaƙi da jahilci, dashen itace, tsimi. Wani wasan ma saƙon ya yi masa nauyi har ya koma wa'azi. Amma ba don shi ake cika fili ba. Mai gidan haya da ɗan hayarsa kan zauna tabarma ɗaya, a yi dariyar baƙauye, jim kaɗan dariya ta juyo kan ɗan birnin da ya cuce shi. Wanda bai iya karatu ba, nan ne jaridarsa.

Da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa wajen 1991, samariya ta watse. Samari suka koma fada suna dafa shayi, wasu suka shiga ƙungiyoyin da ake kira "pale". A 2021 Aisha Maki, 'yar garin, ta fitar da fim mai suna Zinder a kan samarin Kara-Kara, unguwar da aka daɗe ana ƙyama saboda can aka ware kutare. A cikinsa ba ɗan wasa ko ɗaya. 'Yan unguwar ne ke magana da bakinsu.