Canza wayar ɗumama tsohuwar mota

Lokacin ɗari, direba mai kai albasa kasuwa da asuba yana bukatar ɗumi cikin mota. Amma sau da yawa maɓallin ɗumi yakan ƙi juyawa.

Ga dalili: wata wayar ƙarfe cikin kube ita ke buɗe famfon ruwan zafin inji. Ƙura da tsatsa ke riƙe ta. Idan muka tilasta, maɓallin zai karye.

Mu bari inji ya huce, kada mu ƙone. Mu kwance wayar baki biyu. Mu ɗaura sabuwa a wutsiyar tsohuwa, mu ja, sabuwar ta bi hanyarta. Mu mai da maɓalli kan sanyi, mu rufe famfon, sannan mu ɗaure. Mu gwada kafin tafiya.