BABI NA UKU: HANYOYIN GANO MASU AMFANI DA ƘWAYOYIN GINA TSOKA DA ILLOLINSU GA JIKI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan matsayin ƙarfin jiki a wasannin dambe da kokawa, waɗanda samari kan yi bayan kaka a Mabai da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A wannan babi kuwa za a dubi ƙwayoyin gina tsoka, wato sitiroyid, da yadda ake gane mai amfani da su, da kuma ɓarnar da suke yi wa jiki.

3.1 Ma'ana da Asali

Sitiroyid mai gina tsoka magani ne da aka kwaikwayo daga tastostaron, wato sinadarin da 'ya'yan maraina ke samarwa, wanda ke sa murya ta buɗe, gemu ya tsiro, tsoka ta yi kauri a lokacin balaga. A shekarar 1935 masana a Turai suka fara haɗa shi, sannan a 1958 kamfanin Ciba ya fito da ƙwayar Dianabol a Amurka. Likitoci kan ba da irin wannan magani ga wanda ciwo ya ramar, ko wanda balagarsa ta yi jinkiri. Matsala tana tasowa ne idan lafiyayye ya sha domin neman ƙwanji.

Ya kamata a bambanta shi da dezametazon, ƙwayar da wasu kan saya a kemis domin su yi ƙiba. Ita ma sitiroyid ce, amma ba ta gina tsoka. Kumbura fuska da ciki take yi, tana kuma raunana tsoka da ƙashi.

3.2 Ganowa ta Hanyar Gwaji

Hanya mafi inganci ita ce gwajin fitsari. A tarihin gasar Olamfik, an fara gwada 'yan wasa a kan sitiroyid ne a gasar Mantiriyal ta 1976. Akan raba fitsarin ɗan wasa kwalba biyu, idan aka sami magani a ta farko, yana da damar neman a buɗe ta biyu. Ta haka aka kama Ben Johnson na Kanada a gasar Seoul ta 1988, bayan ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.79. An sami sitanozolol a fitsarinsa, aka ƙwace zinarensa aka ba Carl Lewis na Amurka.

Shi kuwa tastostaron ya fi wuyar ganewa, saboda jiki ma yana samar da shi. Don haka akan auna yawansa da na ɗan'uwansa efitastostaron. A jikin yawancin mutane kusan kunnen doki suke yi. Idan na farko ya ninka na biyu fiye da sau huɗu, sai a zurfafa bincike. Wannan shi ne ma'aunin da hukumar WADA, wadda aka kafa a 1999, ta tsayar tun 2005. Bugu da ƙari, an haramta magungunan sa fitsari domin suna iya ɓoye alamar wasu ƙwayoyi. Irinsu aka samu a jikin Chika Amalaha, 'yar Nijeriya mai ɗaga nauyi, a gasar Kwamanwel ta Gilasgo a 2014, ta rasa zinarenta.

3.3 Ganowa ta Hanyar Alamomi

Irin wannan gwaji ba a yin sa a filin dambe na karkara. Saboda haka iyaye da ma'aikatan lafiya su ne ke da damar fara lura. Alamomin sun haɗa da kaurin tsoka cikin 'yan makonni, da ƙuraje a baya da kafaɗu, da zubewar gashin kai, da saurin fushi. Namiji nononsa kan girma, mace kuwa muryarta kan yi kauri, gashi ya fito mata a haɓa, haila ta rikice. Sai dai alama ba hujja ba ce. Abin da ya dace shi ne a kai mutum asibiti a auna hawan jininsa da lafiyar hantarsa.

3.4 Illoli ga Jiki

Da zarar jiki ya sami sinadarin daga waje, sai ya rage samar da nasa. Daga nan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, har ta kai ga rashin haihuwa. Ƙwayoyin da ake haɗiya sun fi cutar da hanta, sukan jawo shawara. Haka kuma maganin yana ƙara mugun kitse a jini, ya kaurara naman zuciya, abin da kan haddasa bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki tun da ƙuruciya. Yaron da bai gama girma ba, ƙashinsa kan rufe da wuri, tsayinsa ya tsaya. Masu karɓa-karɓar allura ɗaya kuwa suna iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau. Wanda ya daina bagatatan kan faɗa cikin kasala da baƙin ciki, shi ya sa ake son a daina bisa kulawar likita.

3.5 Naɗewa

Wannan babi ya nuna cewa gwajin fitsari ne ke tabbatar da amfani da sitiroyid, amma a karkara idon na kusa ne ke fara gano shi. An kuma ga cewa tsokar da maganin ke ginawa takan zube bayan an daina, alhali wasu illolin, kamar kaurin muryar mace da tsayawar girman yaro, ba sa komawa. Babi na gaba zai duba rawar da hukumomin NDLEA da NAFDAC ke takawa wajen sa ido a kan sayar da magunguna.